Sarƙaƙiyar Bayan Coci

Idwal Prydderch ba ya fita lokacin nuna.
"Satumba ta yara ce," in ji shi, "da masu bokiti,
masu komawa gida da leɓe baƙi ƙirin."
Mu a Yuli muke fita, fure na kan reshe,
raɓa ba ta gama bushewa a shingen tumaki ba,
ni da almakashi da tsofaffin jaridu,
shi da sanda, da idon da ya soma yi masa rowa.

Da na zo, sarƙaƙiya ɗaya na sani: mai kama siket.
Ya yi dariya har tari ya turnuƙe shi.
"Sun fi ɗari uku a tsibirin nan, Nest,
kowacce da halinta,
kamar mutanen Tregaron ranar kasuwa.

Kada ki yanki ta inuwa, inuwa maƙaryaciya ce.
Nemi karan bana, wanda bai taɓa fure ba,
ki yanko tsakiya, ba kai ba, ba gindi ba.
Sannan ki juya ganyen.
Gaskiyarta a baya take ɓoye ta."

Na juya. Fari fat, kamar an shafa alli.
"Ulmifolius," ya ce, bai ko sunkuya ba.
Ta gaba ganyenta ya kusa zama da'ira,
bayansa laushi kamar kunnen ɗan rago,
ƙayar doguwa, siririya, miƙe sak.
Wannan ni na faɗa: vestitus.
Bai yaba ba. Ya dai miƙo mini rabin burodinsa.

Da tabarau mai ƙara girma sau goma
na koyi ƙidaya abin da ba a ƙirgawa:
gashi a kara, jajayen ƙwayoyi a kan tsinke,
ko ƙaya ta zauna a kusurwa ko ta watsu barkatai,
ko ta sunkuya, ko ta lanƙwashe kamar lauje.
Hannuna ya zama takarda,
kowace rana da sabon rubutu ja.

Yawancinsu ba su da gadon uba, in ji shi.
Uwa ce ke maimaita kanta a cikin iri,
'ya sak uwa, jika sak kaka,
shi ya sa kuskure ɗaya, in ya samu ƙasa,
sai ya zama dangi.

Akwai wata bayan tsohon coci,
inda hanya ke gangara zuwa Teifi.
Furen fari, da ɗan ja a can ciki
kamar wadda aka kira sunanta a taro.
Shekara arba'in da ɗaya yana bibiyarta.
Ba ta cikin littafi.
Masana sun ce sai ta yi nisa a ba ta suna,
ita kuwa ba ta taɓa wuce gada ba.
A kan fayil ɗinta, da fensir, ya rubuta: Eluned.
Ban tambaya ba. Na ga sunan a kan wani dutse
taku ashirin daga inda take.

Bana motar aske shinge ta riga mu.
Muka tarar da kututture, da warin ɗanyen ganye.
Na tsaya, almakashi a hannu, ban san me zan ce ba.
Shi ya durƙusa, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar,
ya cusa hannu cikin ciyawa yana lalube,
har ya tsaya cak.

Inda kan reshen bara ya taɓa ƙasa
ya yi saiwa, ya ɗago, bai kai kamu ɗaya ba.
Ya bi karan da babban yatsa, a hankali,
ya bari ta soke shi.

"Ita ce," ya ce, yana tsotson jinin.
"Rubuta kwanan wata.
Ki kuma duba mini bayan ganyen,
ni yanzu duk kore nake gani."